Likita Mila: Baturen da ya zo neman sarakunan Hausa, ya tafi ya bar jama'a da littafi

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa, da ya wuce Malbaza da masana'antarta ta siminti, zai iske garin Galmi. Abu biyu suka fito da sunan garin: albasa da asibiti. Albasar Galmi ta kai kasuwannin Abijan da Akara, shi kuma asibitin, wanda 'yan mishan na ƙungiyar SIM suka buɗe a 1950, yana karɓar marasa lafiya daga Ƙonni da Illela da Tawa, har da masu tsallako iyaka daga ƙasar Sakkwato.

Akwai abu na uku da ba kowa ke lura da shi ba. Duk ranar Lahadi, 'yan tsirarun Kiristocin wannan yanki sukan taru su yi sujada, kuma da Hausa suke yawancin karatunsu da waƙoƙinsu. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Amma littafin da ke hannun mai bi a Galmi, irinsa ne ke hannun ɗan'uwansa a Maraɗi da Kano da Zariya da Jos. In ɗayansu ya yi baƙunta wurin ɗaya, ba ya neman tafinta.

Tarihin wannan littafi ya ratsa ta rayuwar wani Bature da bai taɓa zama a Galmi ba, wanda ya rasu shekara biyu bayan buɗe asibitin garin. Sunansa Dakta Walter Miller, ko Likita Mila a bakin Bahaushe. Ya shafe kusan shekara 50 a ƙasar Hausa. Abin da ya zo nema bai same shi ba, abin da ya bari kuma ba shi ya fi sa wa rai ba.

Daga Ingila zuwa Tarabulus

An haifi Mila a 1872 a garin Honiton da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin Sen Batalomi na birnin Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Angilika da ake kira CMS.

A wancan zamani sunan Hausawa ya yi tashe a Ingila. Matafiya irin su Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, sun koma gida da labarin birane masu ganuwa, da kasuwar Kurmi, da marina, da fataken da ke kai kaya har Gwanja da bakin Bahar Rum. 'Yan mishan suka ƙudurta a ransu cewa in har Bahaushe ya karɓi addininsu, to shi zai kai shi ko'ina a Afirka ta Yamma, kamar yadda yake kai goro da fata da baƙin rini.

Da yake shiga ƙasar Hausa yana da wuya a lokacin, sai Mila da abokansa suka tafi Tarabulus, babban birnin Libiya na yanzu, a 1898. A can akwai Hausawa da yawa: fatake, da alhazai masu jiran guzuri, da bayin da aka tsallako Sahara da su. A bakinsu ya koyi Hausa. A nan ne kuma ya haɗu da wani yaro mai suna Abdul Majid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar hajji. Yaron nan daga baya ya sake haɗuwa da Mila, ya zama na hannun damansa, kuma yana cikin waɗanda suka taimaka masa a aikin fassara.

A daidai wannan zamani ƙasar da Mila ke koyon harshenta tana cikin tashin hankali. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, ta kashe mutane masu yawa, ta ƙone garin. Ranar 1 ga Janairun 1900 kuma Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. Turawa biyu suka soma yanka ƙasar Hausa gida biyu, layin ya bi ta tsakanin Ƙonni da Illelar Sakkwato. Duk Baturen da ya shigo a irin wannan lokaci, ko da allura ya riƙo ko da littafi, ba mamaki in mutane sun ɗauke shi ɗan leƙen asirin masu bindiga.

Tafiyar da ta ƙare a Girku

A farkon 1900 Mila ya tashi daga Legas cikin ayarin Turawa biyar, bisa jagorancin Bishop Tugwel. Burinsu Kano. Suka biyo ta Jeba, suka iso Zariya, inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su ba tare da tsangwama ba. Suka zarce Kano a watan Afrilu, ba su jira izini ba.

Sarkin Kano Alu Babba bai ɓata lokaci ba. Ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su fice masa daga gari. Haka suka juyo, suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A nan ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu, wani kuma ciwo ya sa aka mayar da shi gida. Bukkokinsu suka ƙone, a ƙarshe suka ja da baya zuwa Loko a bakin kogin Binuwai.

Girku ta riga ta ci wani ɗan mishan kafin su. A 1894 wani saurayi ɗan Kanada, Walter Gowans, ya rasu a garin. Shi ne ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa ƙungiyar da ta zama SIM, wadda shekara 56 bayan rasuwarsa ta buɗe asibitin Galmi. Ke nan tun farko ƙungiyoyin biyu, CMS da SIM, kowacce ta bar kabari a wannan ƙauye.

Wani da ya ga irin wannan wahala da ya haƙura. Mila bai haƙura ba. A 1901 ya wallafa littafin koyon nahawun Hausa, ya sake komawa Girku, yana ba da magani yana jiran ƙofa ta buɗe.

Shekara 24 a cikin ganuwa

Ƙofar ta buɗe bayan da Turawa suka kama Zariya a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1905 Mila ya samu wurin zama a cikin birnin Zazzau, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a Sakkwato Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, kuma bisa wannan alkawari aka hana 'yan mishan zama a biranen Musulmi. Gidan Mila ya zama shi kaɗai ne irinsa a cikin ganuwar babban birnin Hausa.

Ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Tunaninsa shi ne ya fara daga sama. Ya kai wa Lugga shawarar a kafa makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna, da wata ta malamai inda za su koyi rubutun boko. Yana ganin in ya samu fada, talakawa za su biyo baya. Shirin bai je ko'ina ba. Sarakuna ba su yarda su miƙa 'ya'yansu ga mai wa'azin wani addini ba, gwamnonin da suka gaji Lugga kuma ba sa ƙaunarsa. Makarantar da gwamnati ta buɗe a Nasarawar Kano a 1909, Hanns Vischer aka ba wa, wato Ɗan Hausa, wanda shi ma da aikin mishan ya fara kafin ya koma na gwamnati.

Mila mutum ne mai kaifin baki da taurin kai. Ya riƙa sukar Musulunci da kalamai masu zafi a rubuce-rubucensa, kuma hakan ya bar tabo da har yau ba a manta ba. Ya riƙa kai ƙarar hakimai da dagatai kan zaluntar talakawa da cinikin bayi a ɓoye, abin da ya sa wasu talakawa suka ɗauke shi mafaka, fada kuma ta ɗauke shi ƙaya. Masana tarihi da dama na ganin ƙorafe-ƙorafensa na cikin abin da ya kai ga tuɓe Sarki Aliyu ɗan Sidi a 1920 da kai shi Lakwaja. Zazzagawa da yawa, waɗanda ke tuna sarkin a matsayin malami kuma gwanin waƙa, ba su yafe wa Mila wannan ba.

Su ma Turawan mulki ba su huta da shi ba. Ya zarge su da ɗaure wa zalunci gindi da sunan mulki ta hannun sarakuna. Su kuma suka yi ta neman hanyar fitar da shi daga birni.

Bayan shekaru na aiki, waɗanda suka karɓi baftisma a hannunsa ana iya ƙirga su da yatsu. Kuma duk wanda ya karɓa, sai ya gamu da tambayoyin da Baturen bai shirya musu ba. Wa zai ba shi mata? Wa zai zo sunan ɗansa? Wa zai haƙa kabarinsa in ya mutu? A ƙasar Hausa mutum ba ya rayuwa shi kaɗai. Wanda danginsa suka juya masa baya, ba wa'azi kawai yake bukata ba, dangi yake bukata. A nan Mila ya fara gane cewa aikin ba na tara ɗaiɗaikun mutane ba ne, na gina jama'a ne.

Isawa da ƙauyen Gimi

Jama'ar ta zo masa ta inda bai zata ba. A shekarun 1860, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Daga nazarin Alƙur'ani ya riƙa ba Annabi Isa wani matsayi na musamman a karatunsa, yana koya wa almajiransa jiran dawowarsa. Hukuma ta ɗauki koyarwarsa a matsayin fitina, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka bazu a gabashin ƙasar Zazzau. Su ne ake kira Isawa.

Mutanen nan ba su taɓa ganin ɗan mishan ba. Sun shekara kusan 50 suna riƙe da abin da suka gada, a warwatse, ana yi musu kallon bare. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila a Zariya. Bayan tattaunawa da ziyarce-ziyarce, iyalai da dama suka yarda su taru wuri guda. Aka samar musu fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauye da gonaki da makaranta da majami'a. Wanda ya zauna da su a matsayin fasto baƙar fata ne daga tsibiran Karibiyan, Rabaran Thompson.

Wannan shi ne karo na farko da aka ga ƙauyen Hausawa da Fulani Kiristoci, masu noma tare, suna auren juna, suna binne matattunsu da hannunsu. Amma wurin da aka zaɓa yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya yi ta ɗaukar manya da yara. Likitan da ya tara su bai da maganin da zai tsayar da cutar. Waɗanda suka tsira suka bar Gimi, yawancin yaran, marayu a cikinsu, aka kwaso su zuwa gidan mishan na Zariya.

A ido, Gimi asara ce. Amma waɗannan yara da suka tashi a ɗaki ɗaya, suna cin tuwo a akushi ɗaya, suna tuna kaburbura ɗaya, su ne suka zama ginshiƙin jama'ar da ta biyo baya. Abin da wa'azi bai haɗa ba, wahala ta haɗa.

Wusasa: gari a bayan gari

A 1929, bayan shekara da shekaru ana ja-in-ja, mishan ta bar cikin birni ta koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena. Sarkin Zazzau na lokacin shi ne Ibrahim, ɗan Sarki Kwasau da ya karɓi ayarin 1900. Wani matashin fasto, Guy Bullen, shi ya jagoranci sabon wurin. Aka gina majami'ar Sen Batalomi da tubali da azara bisa tsarin ginin Hausa, mai suna ɗaya da asibitin da Mila ya yi karatu. Aka kafa makaranta da asibitin Sen Luka.

Mila ya daɗe yana kare zaman mishan a cikin ganuwa. Ya so Kirista Bahaushe ya zauna a unguwarsu, ya ci kasuwa da maƙwabtansa, a san shi a matsayin ɗan gari. Komawa Wusasa ta ba jama'ar sarari da kwanciyar hankali, amma ta fitar da su bayan gari. Wannan tambaya, ko a zauna cikin mutane a jure tsangwama ko a ware a samu sauƙi, har yau tana gaban Kiristocin ƙasar Hausa, daga Zariya har Tsibiri da Galmi.

Ƙaramin garin ya fitar da mutanen da suka fi ƙarfin girmansa. Dakta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewacin Nijeriya, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta, ɗan wannan jama'a ne, kuma sunansa ne ke kan babban asibitin Kaduna. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar 1933 tare da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, shi ma ɗan Wusasa ne. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma ministan harkokin waje a zamanin Shehu Shagari, a makarantar garin ya fara karatu. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, ɗan wani mai bishara da ya zo daga ƙasar Angas.

Zuwan iyalai irin na Gowon ya nuna wani abu. Wusasa ba ta tsaya ga zuriyar Isawa ba. Bahaushe da Bafillace da Ba'angashe da wanda aka 'yanto daga bauta sun zauna unguwa ɗaya. Ba jini ya haɗa su ba, ba sarauta ba. Imani ɗaya da harshe ɗaya suka haɗa su.

Littafin 1932

Mila bai zauna a Wusasa ya shugabance ta ba. Ya koma Kano, birnin da aka kore shi shekara 30 da suka wuce, ya duƙufa kan aikin da ya fi cin ransa: fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa Hausa.

Ba shi ya fara ba. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 wani Bajamushe mai aiki da CMS, James Schön, ya fassara wasu sassa, da taimakon Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Kance a yankin Damagaram wanda Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Ashe tun tushe akwai bakin ɗan Nijar a cikin aikin. Sai dai Hausar waɗannan fassarori na farko ba ta zauna daidai a kunnen masu harshen ba.

Mila ya shafe kusan shekara 30 yana wannan aiki, sashe bayan sashe, tare da malamai Hausawa da ke gyara masa magana. Ya tsaya kai da fata a kan rubutun boko maimakon ajami, kuma yana cikin waɗanda suka sa boko ya kafu. Wannan ma wani abu ne da har yau wasu ke yaba masa a kai, wasu kuma ke ganin ya taimaka wajen tura ajami gefe.

Aikin ya tilasta wa 'yan mishan abin da ba su saba ba, wato zama a tabarma ɗaya. Ƙungiyoyinsu sun sha bamban a aƙida da tsari: CMS 'yan Angilika ne masu bishop, SIM da SUM kuma kowacce da hanyarta. Tun taron da suka yi a Lakwaja a 1910 suka fahimci cewa ba za a ba Hausawa littafi uku ba. Aka kafa kwamiti, Mila na jan gaba, a ciki har da Dakta Andrew Stirrett na SIM, ɗan Kanada da aka fi sani da Bature Mai Magani, wanda ya rasu a Jos a 1948. A 1932 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Landan ta fitar da cikakken littafin, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari.

Wanda ya buɗe shi zai ga kalmomin da kowane Bahaushe ya sani: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, addu'a, zunubi, tuba, gafara. Kirista da Musulmi suka ci gaba da kiran Mahalicci da suna ɗaya, ko da sun saɓa a kan abubuwa masu girma. Sannan akwai wata kalma da littafin ya shigo da ita, ikilisiya. Asalinta daga harshen Girka ne, ma'anarta taron mutanen da aka kira. Majami'a ita ce ginin, ikilisiya kuwa mutanen ne. A koyarwar Kirista, jama'ar masu bi kamar jiki ɗaya ne mai gaɓoɓi da yawa, kowace gaɓa da aikinta, in ɗaya ta ji ciwo sauran su ji.

'Yan mishan sun yi yunƙurin haɗa majami'unsu su zama coci guda a Arewa, amma abin bai yiwu ba. Kowace ƙungiya ta haifi nata: ECWA daga SIM a 1954, tarayyar da yanzu ake kira TEKAN daga SUM a 1955, Angilika kuma ta ci gaba da tsarinta. Abin da shugabanni suka kasa haɗawa a takarda, littafin Hausa ya haɗa a baki. Birom da Angas da Bachama da Tangale da Jaba, kowa da harshensa, suka riƙa sujada da Hausa in sun haɗu. Ko sunan TEKAN ɗin da Hausa yake: Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya.

Yadda littafin ya tsallaka iyaka

Faransawa ba sa sakin jiki da 'yan mishan masu jin Turancin Ingilishi, suna yi musu kallon 'yan koren Ingila. Duk da haka SIM ta samu shiga Damagaram a 1924, daga nan ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi kafin ƙarshen shekarun 1920. Waɗannan 'yan mishan da Hausa suke aiki, ba da Faransanci ba, kuma kayan aikinsu daga Nijeriya suke zuwa: Littafi Mai Tsarki, da littafin waƙoƙi, da littattafan koyon karatu.

Da aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da na kutare a Danja bayan 'yan shekaru, sai ƙananan ikilisiyoyi suka tsiro a kewayensu, na ma'aikatan jinya da leburori da waɗanda suka zo jinya suka zauna. Daidai lokacin samun mulkin kai suka haɗu suka kafa cocinsu na ƙasa, wanda aka sani da EERN. Shi ma daga baya ya fuskanci rabuwar kai, kamar yadda aka gani a Nijeriya. Amma ɓangarorin duka littafi ɗaya suke karantawa.

Ta haka layin da Ingila da Faransa suka ja bai raba wannan jama'a ba, kamar yadda bai raba ɗarikun Tijjaniyya da Ƙadiriyya ko zumuncin Gobirawa da Adarawa da Ƙonnawa ba. Ɗan makarantar Nijar yana rubutu da Faransanci, na Nijeriya da Ingilishi, amma a majami'a Hausa ce ke haɗa su. An yi sabuwar fassara kusan shekara 50 bayan ta farko, an kuma yi wasu daga baya, har yanzu ga su a wayoyin hannu. Dukansu a kan harsashin 1932 suka tashi.

Bambancin majami'a da ikilisiya ya fito fili a watan Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe, aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, aka kuma yi asarar rayuka. Hukumomi da malaman Musulunci da dama sun yi tir da abin, an kuma ruwaito maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. Makonnin da suka biyo baya, masu bi suka ci gaba da taruwa a ƙarƙashin rumfuna da cikin kangon gine-ginensu. Ginin ya ƙone, taron bai watse ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan kammala fassara, Mila ya ajiye aiki da CMS a tsakiyar shekarun 1930, ya koma Ingila, ya wallafa littafin tunawa da gwagwarmayarsa a 1936. Amma Ingila ta zame masa baƙon wuri. Mutumin da ya shafe ƙuruciyarsa yana magana da Hausa ya kasa zama a can. Ya dawo Nijeriya, ya sauka a Bukur kusa da Jos, yana koyarwa yana rubutu.

A 1947 ya fitar da wani littafi da takensa ke tambaya ko Turawa sun gaza a Nijeriya. A ciki ya caccaki mulkin mallaka kan barin talakan Arewa cikin jahilci da talauci. Bai yi aure ba. Yaran da ya rena su ne iyalinsa, wasunsu har sunansa suka ɗauka. Ya rasu a Bukur a 1952 yana da shekara 80.

Yadda ake tuna shi

Har yau ba a yi ittifaƙi a kan Mila ba. Ga Kiristocin Hausa, uba ne da ya ba su littafi da makaranta. Ga Musulmi da yawa, Bature ne da ya shigo a inuwar masu mamaya, ya yi wa addininsu da sarakunansu rashin ladabi. Ga masu nazarin harshe, yana cikin waɗanda suka fi kowa tasiri a kan rubutacciyar Hausa ta boko. Kowanne daga cikin ukun yana da hujjarsa.

Lissafin da ya zo da shi dai bai fita ba. Kano da Zazzau da Katsina da Sakkwato suna nan a Musuluncinsu, haka Ƙonni da Illela da Tawa. Sarakunan da ya sa wa ido ba wanda ya bi shi. Waɗanda suka amsa su ne marayun Gimi, da 'yantattun bayi, da baƙin da suka sauko daga duwatsu, daga baya kuma Maguzawa a ƙauyukan Kano da Katsina. Su ne suka ɗauki abin suka mayar da shi nasu, suka kafa zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa, suka naɗa fastocinsu, suka ci gaba bayan Turawan sun tafi.

Matashin da ya bar Malbaza ko Illela ya tafi ci-rani Abijan, ko Agadas, ko Tarabulus ɗin da Mila ya koyi Hausa, ya san abin da mutum ke fara nema a baƙon gari: inda ake jin harshensa, da waɗanda za su tsaya masa ranar ciwo ko ranar mutuwa. Musulmi ya nemi zango da masallacin Hausawa. Ɗan'uwansa Kirista, wanda wataƙila unguwa ɗaya suka tashi, ya nemi inda ake sujada da Hausa. In ya samu, to ya samu dangi, ko da bai san kowa a wurin ba. Hausawa na cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ga wannan 'yar ƙaramar jama'a da ta bazu daga Wusasa zuwa Galmi, imaninsu ne maɗaurin, igiyar kuwa Hausa ce, kuma Likita Mila na cikin waɗanda suka tufka ta.